Ga masu ƙirga jiragen lilo, daga wanda ya riga ku ƙirgawa

Ɗan yayata ya zo Ingila karatun digiri na biyu, ko shekara bai rufa ba har ya kamu da abin da ya cinye mini samartaka a ƙasar nan. Ran nan ya kawo mana ziyara, ana cin abinci yana ta latse-latsen waya, can ya miƙo mini ita ya ce, “Kawu, dubi tsarin da na yi wa hutun nan.” Taswira ce cike da ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo wurin wasa ne mai jirgin lilo, irin wanda ke gudu a kan dogo, ya hau sama, ya gangaro, ya wuntsila da mutane. Ya cusa wurare birjik cikin hutun ƙarshen mako guda, Blackpool kuwa, garin bakin teku mai babban wurin wasa, rabin yini ya ba ta. Na ce masa, rabin yini zai ishe ka? Ya ce ai hawa ɗai-ɗai ne, da ya sauka sai ya danna a waya ya wuce na gaba. Sannan ya yi mini tambayar da 'yan wannan harka ke yi wa juna tun kafin su tambayi sunanka: “Kawu, kai nawa ne adadinka?”

Ban faɗa masa ba, kuma a nan ma ba zan faɗa ba. Na san halinsa, da ya ji zai ɗaura ɗamarar sai ya wuce ni.

Ga wanda bai san harkar ba, haka take. Masu sha'awar jirgin lilo suna ƙirga duk jirgin da suka taɓa hawa, kowane ɗaya suna ce masa kiredit. Hawan farko kaɗai ke shiga lissafi, ko sau ɗari ka maimaita ɗaya ne. Tsofaffin hannu a littafi suke rubutawa, wasu su adana taswirar kowane wuri da ɗan abin da ake ɗaura maka a hannu a bakin ƙofa. A 1996 wani Ba'amurke mai suna Duane Marden ya buɗe RCDB, rumbun bayanan jiragen lilon duniya a intanet, inda za ka ga sunan jirgi, kamfanin da ya ƙera shi, shekarar da aka buɗe shi, tsayinsa da gudunsa, har da inda aka mayar da shi idan an sayar. Daga baya shafuka da manhajojin ƙirga irin su Coaster-Count da Captain Coaster da LogRide suka zo suka sauƙaƙa aikin. Coaster-Count har jera masu ƙirga take yi, ka ga wanda ke samanka da wanda ke ƙasanka.

Ni da littafi na fara, kuma a lokacin ban ga aibu a ciki ba, yanzu ma ban gani ba. Ina ɗalibi abokai suka ja ni Blackpool muka hau The Big One, wanda aka buɗe a 1994, tsayinsa mita 65. Har gobe ina jin ƙarar sarƙar da ke jan jirgin sama, ƙas-ƙas-ƙas, ga iskar teku tana yankar fuska, ga wani Bazazzagi a gefena ya kama salati tun ba mu kai ƙololuwa ba. Da muka koma gida na zauna na rubuta komai: wa ya zauna ina, wa ya rufe ido, abin da muka ci a hanya, inda muka raɓe muka yi la'asar a wajen ajiye motoci. Littafin yana nan, kuma duk sa'ad da na buɗe shi ranar takan dawo mini cif.

Wani Bature abokin aikina ne ya nuna mini RCDB. Mutumin kirki ne, ban ɗora masa komai ba. Na ga jerin jiragen da ke Ingila kaɗai, na ga ɗan abin da na hau, sai wani irin kwaɗayi ya shige ni. Na ajiye littafi na koma Excel, manhajar jera lissafi a kwamfuta. Kowane jirgi layi ɗaya: lamba, suna, wuri, kwanan wata. Ban ma san ranar da na daina rubuta sunan wanda muka je tare ba.

Daga nan sai musu. Babu wata hukuma da ke yanke hukunci a kan abin da ya cancanci ƙirgawa, kowa da ƙa'idarsa. Ga Grand National na Blackpool, na katako, tun 1935. Jirage biyu ne ke tashi kafaɗa da kafaɗa suna tsere, amma dogon guda ɗaya ne da ya zagayo, shi ya sa wanda ya tashi daga dama yakan dawo ta hagu. To kiredit ɗaya ne ko biyu? Steeplechase, mai dawakai, layi uku ne, ɗaya za a ƙirga ko uku? Infusion a da yana Southport da sunan Traumatizer, aka kwance shi aka kawo Blackpool a 2007. Wanda ya hau shi a can, sabo ya samu a nan ko tsoho? Jirgin da inji ke turawa tun daga farko har ƙarshe, ba nauyinsa ke gangarar da shi ba, yana cikin lissafi? Na yi dararen da ba na barci ina wannan gardama da mutanen da ban taɓa gani ba. Har yau ba a gama ba, domin da aka sabunta dogon jirgin Nemesis na wurin wasan Alton Towers aka sake buɗe shi a 2024, musun ya dawo ɗanye. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, ba hujja nake bi ba. Duk ƙa'idar da za ta ƙara mini lamba ita nake karewa.

Akwai al'adar cika lamba. In mutum zai hau na 100 ko na 200, yakan zaɓi wani shahararren jirgi, ya rubuta lambar a takarda ya ɗaga a ɗauke shi hoto. Saboda wannan na taɓa tsayawa a ƙasa riƙe da rigunan abokaina suna hawa suna shewa, na ƙi shiga, don kada cikon lambata ya faɗo a kan jirgin da ba shi da suna.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. A lissafi, ƙaramin jirgin nan mai siffar koriyar tsutsa da ke ratsawa ta cikin ƙaton tuffa daidai yake da The Big One, kowanne kiredit ɗaya. Irinsu sun cika bakin teku da kasuwannin wasa masu yawo gari-gari, kuma wurare da dama ba sa barin babba ya hau sai da yaro. Kafin in haihu na sha tsayawa a gefe ina jiran iyayen da zan roƙa su bar ni in zauna kusa da ɗansu. Wata mata ta taɓa kallona sama da ƙasa, ta ja hannun ɗanta suka bar wurin, kuma ita ce da gaskiya. Da Allah ya ba ni 'ya ta fara tasawa, sai na daina roƙon kowa. Wata Asabar na kai ta wani ɗan wuri a bakin teku, muka hau tsutsar. Ta riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu tana dariya har da shaƙuwa. Da jirgin ya tsaya ta ƙi sakin ƙarfen, ta ce, “Baba, a ƙara.” Babu layi, babu kowa, mai kula da jirgin ma ya yi mana alamar mu zauna abinmu. Ni kuwa na riga na duba agogo, akwai wani wurin a gaba mai irin wannan tsutsar sak, kuma da ƙarfe 5 suke rufewa. Na ɓamɓare yatsunta daga ƙarfen na saɓa ta a kafaɗa tana kuka. Mun isa kafin a rufe. Ta yi barci a mota, na tashe ta, ta hau ba ta ce uffan ba. Mahaifiyarta ba ta yi mini magana ba har muka iso gida.

To, kada a ɗauka duk shekarun nan asara ce, domin ba zan yarda da haka ba. Wanda bai zauna a ƙasar da ba tasa ba, cikin hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4, bai san abin da kaɗaici ke sa mutum ba. Na ga 'yan'uwanmu da suka faɗa shaye-shaye da caca. Ni nawa bai wuce tikiti da man mota ba. Ta dalilin lissafin nan na san lungunan Ingila da ko 'yan ƙasar da yawa ba su taɓa takawa ba, na koyi yadda ake auna gudu da nauyi, na zauna da dattawan da suka kafa ƙungiyoyi don kare tsofaffin jiragen katako daga rushewa. Kuma saurin ma yana da dalili, domin jiragen ba sa jira. Kingda Ka na Amurka, mai mita 139, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun tsayi a duniya, an rufe shi a ƙarshen 2024 aka rushe shi a farkon 2025. Wanda ya ce sai baɗi, ya rasa.

Sai dai wannan hujjar ba ta wanke ni, ni ma na sani. Wild Mouse na Blackpool, na katako, tun 1958 yake, ƙananan motoci ne masu ɗaukar mutum biyu, a kowace kwana sai ka rantse hancin motar ya fita daga kan dogo. Na hau shi, na sa masa lamba, na wuce. Shekara da shekaru ina zaune ba nisa da shi, in na shiga wurin sai in wuce ta gabansa, ai na riga na samu. Bayan an rufe wasannin shekarar 2017 aka cire shi. Na buɗe Excel ina neman abin da zan tuna, na tarar da kwanan wata kawai. Ban san wa ke tare da ni ba, ban san ko na yi dariya ba. Mutanen da lissafinsu bai kai rabin nawa ba suna ba da labarinsa kwana-kwana, ni ba ni da ta cewa.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda na so in tsallake. Wata shekara na tara kuɗin zuwa gida Babbar Sallah, sai aka haɗa tafiya Jamus da Holan, wuraren wasa na Europa-Park da Phantasialand da Efteling a jere. Na kira Hajiya na ce aiki ya riƙe ni. Ta ce, “Ba komai, Allah ya kai mu ta baɗi, Allah ya yi maka albarka.” Tana nan da ranta, alhamdu lillahi, na kuma je daga baya. Amma albarka na karɓa a kan ƙarya, kuma wannan ba ya gogewa.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, ku samarin da kuka shigo harkar yanzu. Da na tace su, ba su kai haka ba.

Ku goge manhajar ƙirgar nan daga wayoyinku. Ita ce ke nuna muku abin da ba ku hau ba maimakon abin da kuka hau. Na san ba za ku goge ba, ku da ko layin minti 20 ba ku iya tsayawa ba tare da kun sunkuyar da kai a kan waya ba. Ina ganinku, jirgi bai gama tsayawa ba hannu ya riga ya shiga aljihu. Wasunku har a kan jirgin suke zaro waya don bidiyo, alhali an hana, kuma wayar da ta kuɓuce a wannan gudun tana iya fasa fuskar wanda ke baya. Wane irin rashin hankali ne wannan? To in ba za ku goge ba, ku riƙe ta, lissafi ba haramun ba ne, ni ma ban goge nawa ba. Amma ku sayi littafi na takarda, da daddare ku rubuta wanda kuka je tare da abin da ya ce.

Duk jirgin da ya yi muku daɗi, ku koma layi nan take, ko da hakan zai sa ku rasa wuri na gaba. Grand National ku hau ta dama ku hau ta hagu, ku miƙa hannu ku tafa da na ɗaya jirgin, sannan ku ƙirga yadda kuka ga dama, ba ruwan kowa. Kada ku yi sauri. Amma tsofaffin na katako, waɗannan kam ku hanzarta, kada ku ce sai kun gama da sababbi masu suna.

Kada ku ari ɗan kowa don lamba. Naku ma kada ku ara. In yaro ya ce a ƙara, a ƙara.

Kuɗin gida daban, kuɗin tikiti daban, kuma na gida ake fara cirewa. Ba sai na yi bayani ba, ko da yake ku 'yan yanzu komai sai an kawo muku dalili a rubuce.

A Great Yarmouth, wani garin bakin teku, akwai wani jirgin katako tun 1932, wanda har yanzu mutum ne ke zaune a tsakiyarsa yana jan birki da hannu. Ku ba shi yini guda cur, ku nemi kujerar da ke bayan mai birkin ku kalli yadda yake aiki. Ku duba ranakun buɗewa kafin ku kama hanya, domin wuraren bakin teku a rufe suke da hunturu.