Asabar a Ƙarƙashin Furannin Ueno

Asabar, ƙarshen watan Maris, Tokyo.

Kwanakin nan gidajen talabijin ba su da zance sai na sakura, wato furen bishiyar ceri ta Japan. Akwai wata bishiya guda a harabar wurin bauta na Yasukuni wadda hukumar kula da yanayi ta Japan ke sa wa ido. Da zarar fure biyar ko shida sun buɗe a jikinta, sai a yi shelar cewa lokaci ya kama a Tokyo. Bayan kamar mako guda furen ya cika, ba a daɗe ba kuma ya fara zuba. Shi ya sa yau da na idar da sallar asuba ban koma barci ba.

Jirgin layin Yamanote ya cika maƙil. Na sauka a tashar Ueno, na bi ayarin mutane zuwa cikin lambun Ueno, wanda aka kafa tun 1873, yana cikin lambunan shaƙatawa na farko a ƙasar. Shiga kyauta ce. Ina kai wa babbar hanyar tsakiya na ja na tsaya. Rassa daga dama da hagu sun haɗu a sama sun yi rumfa, fure fari tas da ɗan ratsin ja-ja, babu ganye ko ɗaya, don irin wannan bishiyar fure take fara fitarwa kafin ganye. Bakina bai san lokacin da ya ce subhanallahi ba.

Abokan aikina sun riga ni. Sun shimfiɗa shuɗin tamfol a inda aka yarda a zauna, takalma jere a gefe, don ba a hawa shimfiɗa da takalmi. Sun san ba na shan giya, sai na tarar an ajiye mini koren shayi mai zafi ba tare da na ce komai ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Na ci dango, 'yan dunƙulen garin shinkafa guda uku a tsinke, ja-ja da fari da kore, sannan sakura-mochi da aka naɗe a ganyen bishiyar mai gishiri. Zaƙi da gishiri a loma ɗaya. Sai a ta biyu harshena ya karɓa.

Wani dattijo a cikinmu, wanda ya kusa ritaya, shi ya faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai duk yinin nan. Yawancin bishiyoyin irin Somei Yoshino ne, wanda masu rainon itatuwa na ƙauyen Somei, yankin Komagome na yanzu, suka yaɗa a ƙarni na 19. Ba daga ƙwallo ake shuka su ba, aure ake yi musu yadda ake yi wa mangwaro a gida, reshe daga reshe. Ke nan asalinsu duka ɗaya ne, shi ya sa a gari guda suke buɗewa tare, su zube tare. Ya ce ko a Kyoto, inda ake da tarihin ranar cikar furen na sama da shekara 1,200, a 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, da wuri fiye da duk abin da aka rubuta a baya. Zafin duniya ne. Ya faɗe shi da damuwa ta gaske a fuskarsa.

Azahar da la'asar na yi su a masallacin Assalaam da ke Okachimachi, tafiyar ƙafa ce ba nisa, na dawo ta bakin tafkin Shinobazu. Ƙarfe huɗu a nan takwas na safe ne a Kano, sai na kira Umma ta bidiyo, na juya mata wayar. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Masha Allah. To ɗan nan, me ake ci a jikinta?"

Na ce, "Umma, ba don 'ya'ya ake shuka ta ba. Don furen ne kawai."

"Duk wannan taron don fure?"

"Wallahi, Umma."

Ta ce, "Ikon Allah. To kai ma ka zauna ka kalla, kada ka yi ta ɗaukar hoto." Na kuwa bi maganarta. Na mai da waya aljihu, na zauna a kan dakali kusa da wata tsohuwa da jikarta. Ina ganin mutanen nan sun yi gaskiya. Su da ba a san su da wasa da lokaci ba, ga shi sun ware yini sukutum ga bishiyar da ake ban ruwa, ana tokare rassanta da sanduna shekara da shekaru, ba don cin komai ba. Ban ga ɓata lokaci a ciki ba ko kaɗan.

Da magariba aka kunna fitilun takarda, sanyi ya sauko sosai, muka tattara sharar mu a leda, kowa ya kama hanya. An yi hasashen ruwa da iska ranar Talata, to da wuya furen Ueno ya kai wata Asabar. Dattijon ya ce a lambun Shinjuku Gyoen akwai irin mai fure ninki-ninki da ke buɗewa sai tsakiyar Afrilu, kuma can an hana shiga da giya. Mun tsai da magana za mu je, in Allah ya kai mu, wannan karon ni zan dafa dafa-duka in kai.