Ni ne mugun cikin fim

A harkar fim ɗin Hausa, fuskarka ce take fara nema maka aiki, daga baya 'yan kasuwa su buga hatimi a kai. Ni dogo ne, baƙi, idona ja tun ina yaro, ga murya mai kauri. Da wannan halittar babu daraktan da zai ba ka yarinya ka bi ta cikin lambu kuna waƙa. Abin da ya rage maka shi ne ɗan daba, ko boka, ko baffan da ya danne gadon marayu, ko alhajin da ya zo da kuɗi ya raba masoya. Duk na yi su, wasu har na manta sunayen fina-finan.

Daga ƙungiyar wasan daɓe ta unguwa na fito, irin waɗanda suka cika Kano kafin zuwan bidiyo. Irinsu ce Tumbin Giwa, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko a bidiyon Hausa. A daɓe kowa yana yin komai: yau kai ne alƙali, gobe kai ne ɓarawon akuyar da aka gurfanar. Na fara tsayawa gaban kyamara ne wajen lokacin da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a 1999, kuma a nan na tarar da wani tsarin daban.

Wanda bai ga zamanin kaset ba ba zai gane dalili ba. Furodusa ya gama fim, sai ya buga kwali ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su kuma su kwafa a kaset su sayar. Ɗan kasuwa ba shi da lokacin zama ya kalli labari. Kwalin zai juya a hannu, ya ga jarumi da jaruma a tsakiya, ya tambayi waƙa nawa ce a ciki, sannan ya duba kusurwa ya ga wa yake harara. In ya ga fuskar da ta taɓa sayar masa da kaya, ya ɗiba da yawa. To tunda fuskata ta taɓa sayarwa tana harara, wa zai yi kasadar kuɗinsa ya nuna ta tana murmushi? Ban taɓa ganin laifin furodusa a nan ba. Sau da yawa kuɗin fim ɗin na adashin matarsa ne, ko na filin da ya sayar.

Ladan mugu kaɗan ne. Ba shi da waƙa, kuma a lokacin waƙa ce take sa a san mutum. Sin ɗinsa, wato fitowar da zai yi a fim, kan taru a yini ɗaya, a sallame shi da abin da bai wuce kuɗin mota da cefanen kwana biyu ba. Sai kuma abin da ke biyo ka waje. Wata tsohuwa ta taɓa tare ni a Kasuwar Rimi, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka mayar wa yaran nan gidansu." Na durƙusa na ce, "Inna, in sha Allahu zan mayar." Ta sa min albarka ta wuce. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne lokacin neman aure, da dangin yarinya suka zo bincike unguwarmu da fuskar bokan da suka gani a talabijin a ransu. Liman da mai unguwa ne suka wanke ni.

Na yi shekaru ina roƙon a canza min rol, ana ce min "sai na gaba." Da na ga na gaban ba ya zuwa, sai na koma duba abin da ke hannuna. A wancan lokaci yawancin fina-finai babu rubutaccen labari a hannun ɗan wasa. Darakta zai tsaya ya ce maka, "Malam, ka shigo ka tarar da ita tana kuka, ka ci mata mutunci ka fita." Sauran maganar daga cikinka za ta fito. Yawancinmu abin da muke yi shi ne zare ido, ɗaga murya, da doguwar dariyar ƙeta, kamar yadda muka gani a fina-finan Indiya a sinimar Plaza da El Dorado.

Amma ni tela ne, kuma shagon ɗinki makaranta ce ta halin mutane. Na lura duk wanda ya cinye min kuɗin ɗinki bai taɓa yi min tsawa ba. Da sallama yake shigowa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yaba aikin wuyan riga, ya ce gobe bayan Azahar yaro zai kawo saƙo. Sai na ɗauki wannan na kai lokeshan, wurin ɗaukar fim. Da aka sake ba ni baffan marayu, na zauna a kan darduma da carbi a hannu, na kira matar ƙanina da "Hajiya", na yi mata ta'aziyya har muryata tana rawa, sannan a hankali na ce ta kawo takardun gidan in adana mata, don mace ba ta riƙe irin waɗannan abubuwa. Ban ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Da darakta ya ce kat, mai riƙe da abin ɗaukar murya ya dube ni ya ce, "Wallahi haka aka yi wa babarmu."

Tun daga ranar nake tambayar kaina kafin kowane sin: mutumin nan me yake gaya wa kansa da daddare har barci ya ɗauke shi? Baffan yana ganin shi ya yi wahalar karatun mamacin, don haka hakkinsa yake karɓa. Ɗan daba yana ganin shi yake tsare unguwa. Boka kuwa ɗan kasuwa ne da yake tsoron ranar da kwastoma zai gano shi. Darakta na iya kiran su duka "mugu", amma ko zaman da suke yi a kan kujera ba ɗaya ba ne.

Ba ni kaɗai aka ɗaure a turke guda ba, har manyan da suka fi ni. Marigayi Usman Baba Pategi ya rayu ya rasu a 2023 mutane suna kiransa Samanja. Rabilu Musa, da ya rasu a Disambar 2014, sunan Ibro ya haɗiye nasa, kuma da ya fito yana kuka da gaske ma dariya za a yi. Bambancin kawai, su ana murna in an gan su a hanya.

Maganar juriya kuwa, ba na son yadda ake kambama ta a hira da 'yan jarida. Abin da ya riƙe ni keken ɗinki ne. Lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni a 2007, abokan aiki da yawa suka koma Kaduna, ni na koma shago. Da faifan CD ya mutu a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya, na sake komawa. Na ga waɗanda suka fi ni baiwa sun bar harkar don ba su da wata sana'ar da za su jira a cikinta. Shi ya sa duk yaron da ya zo Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ya ce min, "Baba, ina son in zama jarumi," tambayar farko da nake masa ita ce me ya iya da hannunsa. Wasu sukan ji haushi.

Fim mai dogon zango ne ya buɗe min ƙofar da na gaji da ƙwanƙwasawa. Bayan Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya zama kasuwa, labari ya daina ƙarewa cikin awa biyu. Mutumin da za a kalla mako-mako har shekara ba zai yiwu ya yi ta harara kawai ba. Dole a ga gidansa, a ga 'yar da yake ji da ita, a ga ranar da ciwo ya kwantar da shi. Marubutan yanzu kuma suna ba ka takarda tun kafin ranar ɗauka, abin da da sai a mafarki.

Kwanan baya wani matashin darakta ya kira ni. "Baba, akwai wani rol, amma fa ka san irin naka ne." Na ce ya turo min labarin gaba ɗaya, ba sin ɗina kaɗai ba, kuma mu yi maganar sallama tun yanzu. Ɗan siyasa ne mai sayen ƙuri'a. Na roƙi a ƙara masa sin guda da mahaifiyarsa, ya ce zai yi magana da marubuci.