Lambar Kawu ba tawa ba ce

A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da sanyin Jos ya fara ratsa ƙashi, na ci bashin naira 15,000 a wata manhajar bayar da bashi ta waya. Kuɗin haya ne ya taso, ni kuma kunya ta hana ni tunkarar kowa. Cikin minti goma kuɗi suka faɗo, amma naira 10,500 kacal, wai sun cire ladansu tun daga sama, kuma kwana bakwai aka ɗiba mini. Ban tsaya lissafi ba. Ban kuma tsaya karanta tambayoyin da wayar ta jero mini ba: a bar manhajar nan ta ga lambobin mutanenka? Ta ga hotunanka? Ta karanta saƙonninka? Duk na bi na danna amincewa kamar mai korar ƙuda.

Na makara da kwana biyu. Washegari bayan sallar asuba sai ga kiran Kawu daga Anguwan Rogo.

"Kai, kuɗin wa ka ci har ake nemanka ruwa a jallo?"

"Kawu, wallahi ban gane abin da kuke nufi ba."

"To, taho ka gani da idonka."

Hotona ne, wanda na ɗauka lokacin rajista, an rubuta ɓarawo a ƙarƙashinsa, an kuma ce Kawu ne ya tsaya mini. Mutumin da bai ma san ana cin bashi ta waya ba. Saƙon ya je wa malaminmu na Islamiyya, ya je wa maigidana da nake tsare wa shago a Terminus, ya je wa mahaifin yarinyar da nake nema. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mini rai, don wata guda na yi ina zagaye layinsu.

A ranar na biya kuɗin. Amma ƙannena, abin da nake so ku riƙe ba maganar bashi ba ce. Lambobin da ke cikin wayarka ba naka ba ne. Kawu ya ba ni lambarsa don zumunci, malam ya ba ni tasa don karatu. Amana ce, ni kuma na ɗauke ta ɗungurungum na miƙa wa mutanen da ko ofishinsu ban sani ba, a kan kuɗin da ba su kai na buhun masara ba.

Kuskurena na biyu, cikin fushi na goge manhajar da duk saƙonnin, na kuma roƙi kowa ya goge nasa. Da na fara tunanin kai ƙara sai na tarar babu hujja ko ɗaya a hannuna. In irin wannan ta same ka, kafin komai ɗauki hoton fuskar wayar, lambar da ta turo da kwanan wata su fito sarai.

Yau akwai inda za a kai. Tun asali sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja. Dokar ta ce duk mai karɓar bayananka ya tsaya a kan abin da aikin ke buƙata, kada ya juya su zuwa wata manufa daban. Kana da haƙƙin tambayar me suka ajiye a kanka, ka ce a gyara ko a goge, ka kuma janye amincewar da ka bayar. Tarar babban kamfani tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ita ma tana yi wa masu bayar da bashi ta intanet rajista, tana karɓar koke. A 2023 ɗin dai Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Sai dai manhajar da wani ya turo maka ta WhatsApp ya ce ka sauke, ba ruwanta da wannan ƙa'ida. Ita doka bayan ɓarna take isowa. Ba za ta shiga wayar surukinka ta goge abin da ya riga ya karanta ba.

Ba a waya kaɗai ake zubar da sirri ba. Kwanaki na sayi ƙosai a Bauchi Road, na buɗe takardar da aka naɗe shi sai ga sunan wani bawan Allah da hotonsa da lambarsa ta NIN, duka goma sha ɗayan, mai ya jiƙe su. Sai na tuna sau nawa ni ma na bar kwafin da bai fita da kyau ba a shagon fotokwafi na yi tafiyata. Yanzu ko ya lalace a aljihu nake sa shi. NIN da BVN ba a faɗa wa mai kira, ko da ya ce daga banki yake. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ma haka, ko da sunan amininka aka nema.

Daren yau ka shiga saitin wayarka, wurin izinin manhajoji, ka duba su wa ke ganin lambobinka. Da na duba tawa, har wata manhajar tocila na samu a ciki.

Kawu ya yafe mini tuni. Sai dai har gobe in na ce ya ba ni lambar wani ɗan'uwa, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ba dai mutanen nan naka za ka kai wa ba?"