Da a ce Ɗan Masani aka tsayar

Shekara shida ke nan ina ɗinki a Makka, kuma yawancin dare bayan isha'i nakan zauna wurin wani mai shayi a Shara Mansur tare da dattawanmu. A nan na fito da maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: da a ce Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, jam'iyyar NPN ta tsayar takarar shugaban ƙasa a 1979 maimakon Shehu Shagari, da yaya ta kaya?

Da lissafina na zo a takarda. A Disambar 1978 aka yi zaɓen fid da gwani a Legas tsakanin mutum shida: Shagari, Maitama Sule, Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya, Ɗan Masani ya biyo shi. A babban zaɓe kuwa, doka ta ce sai mutum ya samu kashi 25 cikin 100 a biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano ya tsaya a 19.94. Daga nan aka shiga rigimar ko biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne ko kuwa sha biyu da biyu bisa uku, har Awolowo ya kai ƙara Kotun Ƙoli, ita kuma ta tabbatar wa Shagari. Na ce musu ai kashi biyar da 'yan kai ne giɓin, kuma ɗan Kano mai baki irin Maitama zai cike shi. Da babu shari'a, da mulkin ya fara ba tare da tabo ba, wataƙila ma sojoji ba su dawo a 1983 ba.

Wani dattijo mutumin Fagge ya ajiye kofinsa.

"Ɗana, shekararka nawa a lokacin?"

"Ba a haife ni ba, Baba."

"To Kano ba Shagari ta ƙi ba, gida da masara, alamar NPN, ta ƙi. Mabuɗi, alamar PRP, muka dangwala wa saboda Malam Aminu Kano, shi ya sa ya kwashe sama da kashi 70. Maitama kuwa ministan NPC ne a jamhuriya ta farko. Kana jin waɗanda suka sha ɗauri a zamanin NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, sun manta?"

Kafin in ba shi amsa, wani Basakkwace ya tambaye ni Sakkwato fa. Idan babu ɗan gida a takara, ƙuri'a nawa za ta zame zuwa GNPP ta Waziri Ibrahim? Ban ko yi tunanin wannan ba.

Da na koma ɗaki na sake duba takardar. Na motsa mutum ɗaya na bar sauran a tsaye, alhali a dara in ka ɗaga ɗa, abokin wasanka ma sai ya ɗaga nasa. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne, amsar na fara riƙewa kafin in nemo alƙaluma, saboda tun ina yaro jawaban Ɗan Masani suke shiga raina.

Har yanzu ina ganin zai iya kaiwa kashi 25 a Kano, na kuma faɗa wa Baba haka washegari. Maganar 1983 dai na janye ta, don faɗuwar farashin mai da almundahana ba lissafin jihohi ne ya kawo su ba. Juma'a mai zuwa taron fid da gwani na jam'iyyar SDP a Jos a 1993 za mu ɗauka, inda Abiola ya kara da Kingibe da Atiku. Baba ya ce in zo da takardata.