Littafin rubutu a hannun Baba

Yau bayan sujada a nan Katsina, fasto ya raba wa ma'aikatan ikilisiya littattafan rubutu, ya ce kowa ya riƙa rubuta labarin hidimarsa. Baba mai bishara ya jujjuya nasa, ya ce, "Haba Fasto, me zan rubuta? Wa'azi ne kawai da dubiya." Bai rufe baki ba sai ga labarin majinyatan Babbar Ruga, asibitin kutare da ke kusa da Katsina, yadda suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932. Har shayinmu ya huce.

Turawan mishan na SIM da suka yi aiki can tun shekarun 1930 sun bar rahotanninsu a takarda. Na Baba kuwa yana cikin kansa, ga tsufa ya fara taɓa shi. Ina ga ni zan riƙe masa biron.