Ƙera Ƙaramin Samfurin Babbar Mota, Kashi na Bakwai: Bodin Tirelar Shanu

A makon jiya, a aikinmu na ƙera ƙaramin samfurin babbar mota a kan tebur, mun tsaya ne bayan kan motar ya hau tayoyinsa. Yau sai tirelar da zai ja, ta ɗaukar shanu, kuma a ganina nan ne aikin yake. Kan mota kowa na iya kwaikwayonsa ya ɓoye kuskure a ƙarƙashin fenti, amma bodin tirelar dabbobi duk huji ne, ido na ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, babu inda za ka ɓoye komai.

Ma'aunin da muke bi shi ne 1:25, wato kowane milimita ɗaya a kan teburinka milimita 25 ne a jikin babbar mota. Irin tirelar da muka ɗauko fasalinta ita ce doguwar nan ta Amurka mai tsawon ƙafa 53, faɗin inci 102, tsayi ƙafa 13 da rabi. In ka raba, za ka samu tsawo milimita 646, faɗi 104, tsayi daga ƙasa 165. Ka zana wannan a takarda da cikakken girmansa kafin ka taɓa wuƙa, har da tumbin da ke saukowa ƙasa tsakanin ƙusar haɗi, wato ƙarfen da ke maƙala tirela da kan mota, da tayoyin baya, domin tumbin nan ne ke bambanta ta da tirelar kaya.

Kayan aiki fallen robar sitirin ne, irin na Evergreen ko Plastruct. Daɓe ka yi shi da mai kaurin milimita 2, gefuna da mai milimita 1, rufi da mai rabin milimita. Ba a yanka sitirin da ƙarfi. Ka ɗora rular ƙarfe, ka ja wuƙa sau uku a hankali, sannan ka lanƙwasa, zai karye a kan layin tsaf. Wanda ya danna wuƙa don ya gama a ja ɗaya, bakin zai kauce, ya tafi da rabin milimita, kuma a wannan ma'auni rabin milimita ya haura santimita ɗaya a jikin mota ta gaske.

Yanzu hujin iska. Kada ka auna su ɗaya bayan ɗaya da fensir, domin ɗan kuskuren kowane awo yana taruwa, kafin ka kai ƙarshen layi sun hau tudu. Ka samu siririn fallen tagulla, ka huda layi ɗaya a jikinsa da kyau, ya zama jagora. Sai ka manne gefunan biyu da tef mai gam ciki da waje, ka huda su tare, ta yadda hujin dama zai kalli na hagu. Kowane huji dogo ne mai zagayayyen baki: ka yi rami biyu na milimita 3 kusa da juna, ka cinye tsakaninsu da ƙaramin magagari, ya tashi milimita 6.

Da hannu ake wannan huda, ko da inji mai tafiya a hankali ƙwarai. Injin da ke gudu yana zafafa robar, ta narke ta naɗe bakin ƙarfen, ramin ya fito da leɓe mai kauri wanda sanfefa ba ta gyarawa. Ka sa katako a ƙarƙashi don kada bayan ya tsage. Aiki ne mai cin rai, na sani, amma duk kyawun tirelar a kansa ya rataya, don haka in hannu ya gaji a ajiye sai gobe.

Bayan huda za ka ga fallen ya yi laushi, yana son lanƙwashewa. Ginshiƙan tsaye ne za su miƙar da shi, sandunan sitirin masu milimita 2, ɗaya tsakanin kowane rukunin huji. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu da gam. Gam ɗin sitirin, kamar Tamiya Extra Thin, narkar da fuskar roba yake yi, kuma idan ya bushe sai wurin ya tsuke. In ka zuba shi da yawa a fuska ɗaya, gefen zai gantsare kamar baka, wani lokaci sai bayan kwana biyu abin zai nuna. Ka riƙe sandar a wurinta, ka taɓa bakin burushi a gindinta, gam ɗin zai bi layin da kansa. Daga nan ka kwantar da gefen tsakanin gilashi biyu, ka ɗora nauyi, ya kwana.

Wajen haɗawa, fara da daɓe da bangon gaba, ka tabbatar da kusurwar da ƙarfen kwana. Benen sama, wato hawa na biyu na cikin tirelar, da ƙofofin da ke raba dabbobi su shiga kafin gefe na biyu. Ciki kuma a fente shi tun rufi bai hau ba, in ba haka ba farar roba za ta riƙa leƙowa ta kowane huji.

Ƙusar haɗi ta gaske inci 2 ce, a wurinmu sandar tagulla ce mai milimita 2. Gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe, sai sufa gulu, kuma ka ƙara wa daɓen kauri a wurin. Kada ka manne aksul ɗin baya sai ka ɗora tirelar a kan farantin haɗin motar, a kan gilashi, ka ga ta kwanta daidai kuma duk tayoyin nan masu tsayin milimita 42 sun taɓa ƙasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga fentin alminiyam, da dalilin da ya sa ake fara shimfiɗa baƙi mai sheƙi a ƙarƙashinsa.