Sutherland da dunƙulen 47 Tucanae

Daga Cape Town zuwa garin Sutherland, a Afirka ta Kudu, hanya ce mai tsawo cikin busasshiyar ƙasar Karoo, ba abin gani sai duwatsu da tumaki. Sanyi ne ya fara tarbarmu. Duk hunturun da na sani a gida wasa ne. Mai masaukin da na sauka, ga tsadar ɗaki, bargo na biyu ma sai da ya haɗe rai kafin ya miƙo.

Da rana aka zagaya da mu SALT, babbar na'urar hangen taurari da aka buɗe a 2005, mai madubai 91 da aka jera suka zama ɗaya. Da dare kuwa ba a yarda da hasken fitilar mota kusa da wurin.

Wata ɗaliba mai bincike ce ta yi mini karamci. Ta saita ƙaramar na'ura ta ce, "Malam, leƙa nan." Dunƙulen taurari ne mai suna 47 Tucanae, wanda ake gani dab da Ƙaramin Gajimaren Magellan, wani gungun taurari mai kama da gajimare. A sararin da na saba da shi da ƙyar yake ɗagowa daga ƙasa, nan kuwa ga shi can sama, taurari dubu ɗaruruwa a cure wuri guda.

Abin da take nema shi ne farin wada, ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare, girmansa kamar na Duniya amma nauyinsa ya kai rabin na Rana ko fiye, musamman mai abokin zagaye dab da shi. A tsakiyar dunƙule cunkoso ya yi yawa, taurari na gogar juna har wasu su haɗu su zama biyu-biyu. Wannan cunkoson kuma shi ke ɓoye su, domin daga ƙasa hasken duk cakuɗewa yake. Shi ya sa ake dogara da Hubble da Chandra, na'urorin hangen taurari da ke can sararin samaniya. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini wani ɗigo mai suna X9, inda farin wada ke gama zagaye abokinsa cikin kusan minti 28. A dunƙulen NGC 6624 akwai mai yi cikin minti 11. Aikin dai haƙuri ne zalla, hoto bayan hoto, ana jiran ɗigo ɗaya ya dusashe ya dawo. Ni da tuni na gudu.

Washegari gajimare ya rufe sama. Muka kama hanya ta Matjiesfontein, na yi barci har Cape Town.